Labarin Sanƙarau da Likitocin Soja

Duk wanda aka haifa tsakanin Jega da Aliero da Maiyama ya san akwai wani baƙo wanda ba a yi masa marhabin. Ya kan sauka sa'ad da hunturu ya fara juya baya, ƙura ta turnuƙe sama, leɓuna suna tsagewa. Yaro ya wuni yana wasa lafiya lau, da dare ya ce kansa na ciwo, jiki ya ɗau zafi, ya yi ta amai, kafin gari ya waye wuya ya sanƙare, ba ya iya sunkuyawa haɓarsa ta taɓa ƙirji. Saboda wannan sanƙarewar wuya aka raɗa wa cutar suna sanƙarau. Wanda kwanansa ya ƙare, wani kwana ɗaya ya ke yi, wani biyu. Wanda ya tashi kuwa, sau da yawa ya kan tashi da kurunta, ko shanyewar gaɓa, ko raunin hankali. Sa'an nan da ruwan farko ya sauka, sai ka ji cutar ta yi tsit, kamar an kore ta da sanda.

Wannan duka kun sani, ya ku 'yan makaranta. Abin da watakila ba ku sani ba shi ne, galibin ilmin da a ke yaƙar wannan cuta da shi a asibitocinmu, likitocin soja suka tono shi, da kuɗin soja, don amfanin soja. Kada ku yi mamaki. Tun dā manyan yaƙi sun lura cuta ta fi abokin gaba cin mutanensu. A yaƙin da Ingila ta yi a Afirka ta Kudu daga 1899 zuwa 1902, sojanta da cuta ta kashe sun fi waɗanda harsashi ya kashe yawa. Don haka gwamnatoci ba su ƙyashin kashe kuɗi a kan likitocin runduna. Laveran, wanda ya fara ganin ƙwayar zazzaɓin cizon sauro cikin jinin mutum a Aljeriya a 1880, likitan sojan Faransa ne. Ross, wanda ya gan ta cikin cikin sauro a Indiya a 1897, shi ma hafsa ne. Amma mu bar waɗannan, mu koma ga namu baƙon.

Wani likita na Janiba ta ƙasar Suwizalan, ana ce da shi Vieusseux, shi ya fara rubuta siffar cutar a 1805. Ƙwayar da ke kawo ta ba a gan ta ba sai 1887, sa'ad da Weichselbaum na birnin Biyana ya hango ta da madubin likita. Ƙwayar nan a maƙogwaro ta ke zama, kusa da bayan hanci, tana ƙaura daga wannan zuwa wancan ta tari da atishawa da numfashin kusa. Abin al'ajibi, mutane da yawa suna ɗauke da ita ba ta yi musu kome, suna yawo da ita suna rabawa ba su sani ba. Sai ga ɗaya cikin masu yawa ta kan kutsa cikin jini, ta isa ga tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka, ta kumbura shi. In likita ya soka allura a gadon bayan mai lafiya ya ɗebo ruwan laka, zai gan shi garau kamar ruwan sama. Na mai sanƙarau kuwa gurɓatacce ne, fari-fari kamar tsala. Har yau da wannan ruwa a ke tabbatar da cutar.

A nan Afirka, labarinta na farko da aka rubuta cikin sojan Faransa ne a Aljeriya, wajen 1840. Ƙasarmu kuwa a 1905 ta fara ganin annobarta mai girma, watau shekara biyu bayan Turawa sun ci Sakkwato. Wani likitan gwamnati, McGahey, ya rubuta rahoton ɓarkewarta a Zungeru, inda Gwamna ya ke zaune a lokacin, da kuma Yola. Daga nan ta nausa yamma, tana kwantawa da damina tana tashi da rani, har shekara uku. Ta komo wajen 1920, kuma wannan karon mu ta fi yi wa ɓarna. An ƙiyasta a 1921 kaɗai ta kashe mutum sama da 45,000 a Lardin Sakkwato, ƙasar Gwandu kuwa a lokacin cikin lardin nan ta ke. Ku tsaya ku auna wannan lissafi. Babu magani, babu rigakafi. Abin da hukuma ta iya yi a irin waɗannan shekaru bai wuce a ware marasa lafiya a bukkoki bayan gari ba, a hana taro, a tsai da cin kasuwa. Wanda ya san matsayin kasuwar Jega tun zamanin fataken goro na Gwanja ya san hana taro a ƙasa irin tamu ba ƙaramin abu ba ne.

To, tsakanin waɗannan annoba biyu aka yi Yaƙin Duniya na Farko, a nan ne kuwa soja suka shiga maganar da gaske. A 1915 Ingila ta tara samari dubu-dubai daga ƙauye da birni, ta cusa su a barikoki, sai sanƙarau ya faɗa musu. Rundunar ta kafa ɗakin bincike musamman a Landan, ta ɗora wani likita, Mervyn Gordon, a kansa. Shi da abokin aikinsa Murray suka nuna ƙwayar ba iri ɗaya ba ce, suka kasa ta kashi huɗu. Daga baya aka gyara rabon, aka sa wa kowane jinsi harafi: A, B, C, har zuwa W da X da Y. Bambancinsu a riga ya ke. Kowace ƙwaya tana sanye da wata riga mai santsi, dangin sukari, kowane jinsi da irin tasa, kamar yadda kowace runduna ta ke da irin kakinta. Ku riƙe maganar rigar nan, gama za mu komo gare ta.

Amma aikin da ya fi burge mu a wannan yaƙi na wani Kyaftin Glover ne, don ba da wata na'ura mai tsada ya yi shi ba. A 1917 aka tura shi barikin horad da kurata na Caterham. Ya riƙa sa auduga yana shafo maƙogwaron soja yana dubawa, don ya san mutum nawa cikin ɗari ke ɗauke da ƙwayar, sa'an nan ya ɗauki ma'auni yana auna ratar da ke tsakanin gado da gado a ɗakunan kwana. Dokar soja ta ce a bar ƙafa uku, amma saboda matsin yaƙi an matse gadaje har wasu ba su kai ƙafa ɗaya ba. Ya ga duk sa'ad da gadaje suka matsu, masu ɗauke da ƙwayar sai su yawaita, in kuwa suka haura 20 cikin 100, to, a saurari cuta nan da 'yan makonni. Aka rarraba gadaje, aka buɗe tagogi dare da rana, sai lissafin ya faɗi, cutar ta ja baya. Ku da ke kwana a ɗakunan makaranta, in shugaban ɗaki ya hana ku haɗa gadaje ko toshe taga da tsumma don sanyi, ba mugunta ba ce, dokar Glover ce, ko shi kansa bai san sunan mai ita ba.

Magani na sha bai samu ba sai gab da Yaƙin Duniya na Biyu. A 1937 aka gwada magungunan da a ke kira salfa a kan masu sanƙarau a Amurka, aka ga suna tashi. A 1938 wani kamfanin Ingila ya fito da ƙwayar M&B 693, wadda ta yi suna a asibitocin ƙasar nan. Da yaƙi ya tashi, likitocin sojan Amurka suka yi wata dabara: maimakon a jira mutum ya kwanta, a ba bariki duka maganin, mai lafiya da marar lafiya, don a share ƙwayar daga maƙogwaro. A 1943 suka ba soja wajen 15,000, suka bar wasu wajen 18,800 ba a ba su ba don a gwada. Cikin waɗanda aka ba, mutum 2 suka kamu, cikin waɗanda ba a ba ba, 40. A yaƙin farko, sojan Amurka in sanƙarau ya kama uku, ɗaya ya kan mutu. A na biyu abin ya komo kamar huɗu cikin ɗari. Aka yi zaton an gama da cutar.

Ashe ba a gama ba. Shekara ashirin ana ɗura wa kurata salfa, har ƙwayar ta saba da shi. A 1963 aka same ta a barikin sojan ruwa na San Diyego ta daina jin maganin sam. A 1964 ta yi ɓarna a barikin Fort Ord na Kalifoniya har aka dakatar da horad da kurata a can. Ga shi kuwa Amurka tana shirin tura mayaƙa Biyetnam, tana bukatar samari da yawa da gaggawa. Sai aka ɗora wa makarantar bincike ta soja mai sunan Walter Reed, a Washintan, nauyin nemo allurar rigakafi. Likita uku suka ɗauki aikin: Artenstein, da Goldschneider, da Gotschlich.

Ga yadda suka yi, don ku ga irin abin da soja ke iyawa wanda farar hula ba ya iyawa. Duk kurtun da ya sauka a barikin Fort Dix aka ɗebi jininsa aka ajiye, har na mutum sama da 14,000, aka zauna ana jira. Da wasu suka kamu, sai aka koma aka ɗauko jininsu na ranar sauka aka duba. Cikin 54, aka tarar 51 jininsu ba shi da makamin da ke kashe irin ƙwayar da ta kama su, alhali galibin sauran abokansu suna da shi. Suka kuma gane makamin nan rigar ƙwayar ya ke ganewa. To, in haka ne, sai a tuɓe rigar, a tsarkake ta, a yi wa mutum allurarta ita kaɗai ba ƙwaya, jikinsa ya koyi ganinta. Gotschlich ya samo hanyar tuɓe ta ba tare da ta yayyage ba, ya fara gwadawa a jikinsa. A 1969 suka buga sakamakon aikinsu. Sa'an nan aka yi wa kurata 13,763 allurar jinsin C: mutum ɗaya ya kamu da wannan jinsi, cikin 54,000 da ɗoriya da ba a yi wa ba kuwa 38. Daga 1971 aka mai da ita doka ga kowane kurtu na sojan ƙasa na Amurka.

Wane gari ne za a sami samari dubu goma sha huɗu masu shekaru ɗaya, abinci ɗaya, makwanci ɗaya, waɗanda in an ce su miƙo hannu za su miƙo ba gardama? Bariki kaɗai. Shi ya sa binciken soja ke da sauri. Amma kuma mu faɗi gaskiya, wanda ya ke ƙarƙashin oda, da wuya a rarrabe yardarsa da biyayyarsa, kuma wannan magana ce da masana suka daɗe suna ja-in-ja a kanta.

Jinsin C shi ya dami Amurka, mu kuwa a lokacin jinsin A ke kashe mu. Mutumin da ya tsaya a kan namu shi ma soja ne, amma na Faransa, Léon Lapeyssonnie, wanda ya yi karatu a makarantar likitocin soja, ya yi shekaru yana aikin yaƙi da cututtuka a ƙauyukan Afirka ta Yamma, ya kai muƙamin Janar. Ya yi aikin sanƙarau a Nijar, ya bi tsofaffin rahotannin ƙasashe, a 1963 ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya littafin da ya zana iyakar ƙasar cutar. Ya ce ta yi wa Afirka ɗamara a kudancin Sahara, daga inda ruwan shekara ya kai kamar inci 12 zuwa inda ya kai kamar inci 43. Ku buɗe taswirar ruwan sama, za ku sami Alelu da Jega da Birnin Kebbi a tsakiyar ɗamarar nan sosai. Shi ne kuma ya matsa wa mai kamfanin Mérieux na Faransa ya yi allurar jinsin A bisa hanyar Gotschlich.

Gwajin farko na wannan allura a Nijeriya aka yi shi, a farkon shekarun 1970, bai kuwa yi nasara ba, don zafi ya lalata allurar kafin ta shiga jiki. Darasi ke nan na fari: abin da aka yi a ƙasar sanyi sai an sake masa shiri kafin ya jure bazararmu. Aka gyara, aka sake gwadawa a Masar da Sudan, ta yi aiki. A 1975 aka yi wa mutum wajen miliyan 90 ita a Barazil cikin 'yan watanni. A nan gida kuwa, likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, irin su Greenwood da Whittle, waɗanda su ba soja ba ne, suka ɗauki wannan ilmi suka auna shi a kan mutanenmu. A 1971 suka nuna hanyar gane rigar ƙwayar cikin ruwan laka da sauri. Binciken da aka yi a Zariya da Malumfashi ya kuma warware wani tsohon ƙulli: ashe da damina ƙwayar ba ta tafi ko'ina ba, tana nan tana yawo a maƙogwaro. Abin da a ke zato shi ne busasshiyar iska da ƙura ke raunana fatar hanci da maƙogwaro da rani, su buɗe mata ƙofa.

Hausawa sun ce albarkacin kaza ƙadangare ya sha ruwan kasko, mun kuwa sha, ba mu musu. Amma sun kuma ce kayan aro ba ya rufe katara. Allurar nan an yanka ta ne da awon kurtu. Kurtu baligi ne, hatsarinsa kuwa a makonni takwas na farkon horo ya ke, in ya wuce su ya tsira. Saboda haka allurar da ke tsare mutum shekara biyu ko uku ta ishe shi har da saura. Mu fa? Mu muna cikin ɗamarar nan daga haihuwa har mutuwa. Allurar ba ta kama jikin jarirai sosai, ta C ma ba ta amfanin wanda bai kai shekara biyu ba, alhali su likitocin Walter Reed da kansu sun nuna daga wata shida zuwa shekara biyu ne jinin yaro ya fi rashin makami. Ba ta kuma share ƙwayar daga maƙogwaro yadda za ta tsare wanda ba a yi wa ba. Don haka ba a iya sa ta cikin alluran yara na kullum, sai dai a ajiye, in annoba ta tashi a ruga da ita, kamar masu kashe gobara da ke isowa bayan jinka ta faɗa. Ba mu ga laifin soja ba a nan, sun biya bukatarsu ne. Laifin, in akwai shi, na waɗanda suka yi shekara talatin suna ganin rigar ba ta kai ba, ba su sa an yanka mana tamu ba.

Shekarar 1996 ta tona wannan asiri. A Nijeriya kaɗai an lissafta mutum sama da 109,000 da suka kamu, sama da 11,000 suka rasu, galibi a nan Arewa. Bayan wannan ne shugabannin lafiya na Afirka suka nemi a yi musu allura tasu. A 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya da wata ƙungiya mai suna PATH suka kafa aikin da dala miliyan 70 daga gidauniyar Gates, wannan karon ba kuɗin soja ba. Dabarar ita ce a ɗinke rigar nan ta Gotschlich a jikin wani sinadari wanda jikin jariri ke ganewa, don jiki ya riƙe darasin ya daɗe. Wani kamfanin Indiya, Serum Institute, ya yarda ya yi ta a kan ƙasa da rabin dala kowace allura. Aka sa mata suna MenAfriVac, aka fara yi a Burkina Faso ran 6 ga Disamba 2010, a Nijeriya kuwa daga 2011, ga duk mai shekara 1 zuwa 29. Jinsin A, wanda ya yi shekaru masu yawa yana cin ƙasar nan, ya ɓace kusan ƙaf.

Sai ga abin da ba a zata ba, a ƙofar gidanmu kuwa ya faru. A 2013 wani sabon reshe na jinsin C, wanda ba a taɓa ganin irinsa ba a duniya, ya ɓulla a Jihar Sakkwato. A 2014 ya shigo Kebbi. A 2015 ya yi ƙarfi, Aliero da Jega suna cikin wuraren da ya fi taɓawa, har ƙungiyar likitoci ta MSF ta lissafta mutum 6,394 da suka kamu a Kebbi da Sakkwato, 321 suka rasu. A shekarar ya haura Nijar ya shiga Yamai. A 2017 ya kama sama da mutum 14,000 a Nijeriya, ya kashe sama da 1,100, Zamfara ta fi shan wuya. Ku duba, jinsin nan C shi ne wanda aka tsare kurtun Amurka daga gare shi tun 1971, shi ne kuma wanda Ingila ta fara yi wa yaranta sabuwar allurarsa tun 1999. Amma da aka nemi allurar da ke da C a 2015 da 2017, sai aka tarar abin da ke ajiye a rumbun duniya bai kai bukata ba, aka riƙa rabon ta gunduma-gunduma.

Waɗanda suka yi MenAfriVac suka sake komawa aiki, da taimakon kuɗin gwamnatin Ingila, suka haɗa riga biyar cikin allura ɗaya: A, C, W, X da Y. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a Yuli 2023, Nijeriya ce kuwa ƙasar da ta fara amfani da ita a duniya, a Maris 2024, a Jigawa da Bauci da Yobe. Ba ta riga ta game ƙasa ba sai rani ya zagayo. A Maris 2025 gwamnatin Kebbi ta ba da sanarwar mutum 26 sun rasu a Gwandu da Jega da Aliero. A Afrilu na shekarar allura sama da miliyan ɗaya ta iso Nijeriya daga rumbun duniya, aka nufi Kebbi da Sakkwato da kaso mai yawa, don 'yan shekara 1 zuwa 29.